Battir: Garin Da Makonsa Ke Da Kwana Takwas

Idan aka ambaci Falasɗinu a labarai, abin da kunne ya saba ji shi ne adadin waɗanda aka kashe da gidajen da aka rushe. Haka lamarin yake, babu ƙari. Amma jin wannan kaɗai kullum yana sa mutum ya manta cewa ƙasar da ake rikici a kanta ƙasar manoma ce, masu gona da lambu da ranar ban-ruwa. Shi ya sa nake son mu leƙa Battir, wani ƙaramin gari a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan, kimanin kilomita 6 yamma da Baitalami, kudu maso yamma da birnin Ƙudus. Mutanensa ba su kai dubu biyar ba a ƙidayar 2017.

Garin a jikin tsauni yake, ba shi da shimfiɗaɗɗen fili irin na fadama. Sai magabata suka sassaƙe gangaren hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa aka tokare shi da katangar duwatsu da aka jera da hannu, babu siminti. Can sama inda ruwa ba ya kaiwa, zaitun ne da inabi. Ƙasa-ƙasa kuma, kusa da maɓuɓɓugai, lambuna ne na kayan miya, ciki har da wani dogon yalo mai launin shunayya da ya yi suna har ake kiransa da sunan garin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rabon ruwa. Ruwan maɓuɓɓuga yana taruwa a wani tsohon tafkin dutse da ake danganta shi da zamanin Rumawa. Manyan zuri'o'in garin takwas ne, kowace tana da yini guda, sai zagaye ya dawo. Shi ya sa mutanen garin ke cewa makonsu kwana takwas ne, ba bakwai ba. Ranar da layi ya zo kan wata zuri'a, dattijo zai tsoma sanda cikin tafkin ya auna zurfin ruwan, ya raba tsawon abin da ya jiƙe gwargwadon rabon kowane gida. A buɗe bakin tafki, ruwa ya bi magudana yana gangarawa. Manomi na tsaye a bakin fangalinsa, ya toshe nan ya buɗe can, har rabonsa ya ƙare na ƙasa da shi ya karɓa. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san yadda ruwa ke haɗa wa da ƙani faɗa. A ce zuri'a takwas sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna raba tafki ɗaya da sanda ɗaya, wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

A 1892, zamanin Daular Usmaniyya, aka buɗe layin dogo daga Yafa zuwa Ƙudus, ya ratsa kwarin da ke gindin garin, aka kuma yi tasha a Battir. Da jirgin ake kai kayan lambu kasuwannin Ƙudus. Wannan layin dogo shi ya zo ya zama iyaka.

A yaƙin 1948 yawancin mutanen garin sun gudu, kamar yadda aka yi a ɗaruruwan ƙauyukan Falasɗinawa. Amma wani ɗan garin mai suna Hasan Mustafa da 'yan mutane kaɗan suka ƙi tafiya. Da dare sai su bi gida-gida suna kunna fitila, da safe su kora dabbobi kiwo, domin sojojin Isra'ila da ke hangowa daga tsallaken kwari su ɗauka garin cike yake. Da aka yi yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1949, iyaka ta bi layin dogo, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakin garin ya faɗa ɓangaren Isra'ila. Sai dai an rubuta cewa mutanen Battir za su ci gaba da noma gonakinsu na tsallake, su kuma kada su bari a taɓa jirgin. Har yau suna tsallaka layin su je gona, duk da jirgi ya daina tsaya musu tun wancan lokaci. Ƙauyukan da aka tarar babu kowa ba su samu irin wannan sharaɗi ba.

A nan hujjata take. Abin da ya riƙe wa Battir ƙasarta shi ne zaman mutane a kanta, takarda daga baya ta zo ta tabbatar.

Haka aka sake gani da batun katanga. Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma a 1967, kuma bayan yarjejeniyar Oslo ta 1995 kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar garin ya shiga yankin C, inda Isra'ila ke da cikakken iko. Da aka tsara katangar raba yankuna, an shata ta ne ta bi kwarin, ta raba manoma da gonakinsu, ta kuma lalata magudanan. Mutanen garin suka kai ƙara kotun ƙolin Isra'ila tare da wata ƙungiyar kare muhalli. Har hukumar kula da gandun daji ta Isra'ila ta ƙi goyon bayan hanyar da aka shata. A watan Yunin 2014, a taron Doha, hukumar UNESCO ta sanya Battir cikin wuraren tarihi na duniya cikin gaggawa, ta kuma sa shi a jerin waɗanda ke cikin haɗari. A Janairun 2015 kotu ta rufe shari'ar bayan gwamnati ta ce ba ta da shirin gini a lokacin, da sharaɗin sai an sanar da masu ƙara kafin a taso da maganar. Nasara ce, amma da lambunan sun bushe, me UNESCO za ta zo ta gani?

Akwai hujjar da ɗaya ɓangaren ke kawowa, bai kamata a ɓoye ta ba. A kan tudun da ke kusa da garin akwai kufai da mutanen wurin da kansu ke kira Khirbat al-Yahud, wato kufan Yahudawa. Masana na ganin nan ne Betar, inda Rumawa suka murƙushe tawayen Yahudawa da Bar Kokba ya jagoranta wajen shekara ta 135. Tarihi ne, ban musa ba. Amma kufan shekara kusan dubu biyu ba ya ba kowa ikon korar wanda kakanninsa suka gyara katangar gona bayan kowace damina. Da za a bi wannan ƙa'ida a duniya, wa zai kwana a gidansa?

Yanzu kuma barazanar ta sauya kama. A 2024 gwamnatin Isra'ila ta amince da sabon matsugunin 'yan kama-wuri-zauna mai suna Nahal Heletz, cikin yankin da UNESCO ta shata, kuma ministan kuɗi Bezalel Smotrich ne ya yi shelarsa da alfahari. Katanga tana da taswira, ana iya kai ta kotu. Matsuguni kuwa da ɗaki ɗaya da garken tumaki yake farawa a kan tudu, sai hanya, sai shinge, sai manomi ya wayi gari yana tsoron zuwa gonar zaitun ɗinsa ta sama. Gonar da aka daina nomawa kuma, akwai tsohuwar dokar Usmaniyya da Isra'ila ke fakewa da ita ta mai da ita ƙasar gwamnati. UNESCO ba ta da soja, ba ta da ɗan sanda, sai sanarwa.

Saboda haka duk mai son taimaka wa Battir, gwamnati ce ko ƙungiya, ya sa kuɗinsa da muryarsa inda za su riƙe manomi a gona: gyaran magudana, kasuwar yalo da man zaitun, lauyan da zai tsaya masa, da matsin lamba a kan matsugunin tun ginin bai yi nisa ba. Matasan garin da dama sun koma aikin ƙwadago a waje domin lambu ba ya ciyar da gida kamar dā, kuma kowane fangalin da aka bari, ranar ruwansa tana zuwa duk bayan kwana takwas babu mai buɗe masa.