Tsofaffin wasannin ban tsoro: wace wahala ce gwaninta, wacce ce mugunta?

A farkon Alone in the Dark, wasan kwamfutar da kamfanin Infogrames na Faransa ya fitar a 1992, mai wasa yana tsaye ne a ɗakin can sama na wani tsohon gida a Amurka, hannunsa babu makami. Akwai taga guda, akwai wata ƙofa a daɓe, ga kabad, ga akwati. Wanda ya tsaya kalle-kalle, ba da jimawa ba wata dabba za ta fasa tagar ta faɗo, wata halittar kuma ta ɓullo ta ƙofar daɓen. Wanda ya yi dabara sai ya tura kabad ɗin ya toshe tagar, ya tura akwatin ya danne ƙofar. Shi ke nan, ya tsira bai kai duka ko ɗaya ba. Duk abin da yake buƙata yana gaban idonsa, in ma ya sha kashi ya san laifinsa ne.

Sai a ajiye wannan kusa da King's Quest V na kamfanin Sierra, wanda ya fito a 1990. A can akwai inda kyanwa ke koro ɓera ta gaban mai wasa, sau ɗaya tak, cikin 'yan daƙiƙu. Dole ya jefi kyanwar da wani tsohon takalmi ko sanda. In bai jefa ba, wasan ba zai ce masa komai ba, zai ci gaba da tafiyarsa lafiya lau. Sai can gaba, bayan an ɗaure shi a ɗakin ƙarƙashin wata masauka, sannan zai gano cewa ɓeran nan ne ya kamata ya zo ya ciccije igiyar. Babu ɓera, babu fita. In kuma ya riga ya adana wasansa a kan tsohon adanin da ya yi, to ihu bayan hari ne, sai ya koma farko.

Duka biyun ana kiransu "wahalar wasannin da", masu begen zamanin kuma sukan haɗa su a kwando ɗaya su yaba. Ba ɗaya ba ne. Ma'aunin da ya raba su mai sauƙi ne: wahalar nan ta ba mai wasa zaɓi ne yana sane da abin da zai iya asara, ko kuwa ɓoye masa bayani ta yi sannan ta hukunta shi a kan rashin sani? Maganar tana da muhimmanci yanzu domin salon ya dawo kasuwa. An sabunta Resident Evil 2 a 2019, an sabunta Silent Hill 2 a 2024, ga kuma sababbin wasanni irin su Signalis na 2022 da Crow Country na 2024 da aka ƙera da gangan su yi kama da na wancan zamani.

Mafi yawan abin da ke tsorata mutum a waɗancan wasanni, talaucin na'ura ne ya haife shi. PlayStation ta farko megabait 2 kacal take da shi na ma'adanar aiki, injin faifanta kuma yana karanta wajen kilobait 300 ne a daƙiƙa. Ba za ta iya riƙe gida guda a lokaci ɗaya ba, sai ɗaki-ɗaki. Da Capcom suka yi Resident Evil a 1996 ƙarƙashin Shinji Mikami, sai suka rufe wannan jira da hoton ƙofa tana buɗewa a hankali cikin duhu. A bayan fage na'urar tana loda ɗaki na gaba ne, amma mai wasa abin da ya sani shi ne gabansa na faɗuwa, bai san me ke bayan ƙofar ba. Haka ɗakunan kansu: hotuna ne da aka riga aka zana aka ajiye, mutane da dodanni kawai na'urar ke ƙerawa nan take. Hoton da aka riga aka zana ba ya juyawa, don haka kyamara ta kafe a lungu guda. Sakamakon shi ne ana jin jan ƙafar gawa mai tafiya a cikin ɗakin da kake, amma ba ka ganinta. Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu.

Silent Hill na Konami, 1999, ya bi wata hanyar. Shi gari sukutum yake ƙerawa nan take, na'urar kuwa ba ta iya zana abin da ya wuce 'yan taku. Sai aka lulluɓe garin da hazo, aka ba jarumin ƙaramar rediyo da ke ƙara shuuu idan dodo ya matso. Kunne ya karɓi aikin ido. Hujjar cewa hazon nan ya zama ginshiƙi ta fito fili a 2012, lokacin da aka sake fitar da Silent Hill 2 da 3 a tarin da aka kira HD Collection. Hazon ya yi sirara, sai ga ƙarshen titi da gefen ruwa da ba a taɓa gama zanawa ba sun bayyana tsirara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne tsarin adana wasa da aljihun kaya na Resident Evil, domin nan ne ake yawan zarginsa da zalunci, kuma zargin bai yi adalci ba. Ba a adana wasa sai a gaban tafireta, kuma kowane adani yana cin ribin tawada guda, ribin ɗin kuwa ƙidayayye ne a gidan. Cikin jarumai biyun da ake zaɓa, Chris gurbi shida yake da shi na ɗaukar kaya, Jill takwas. Bindiga gurbi guda, harsashinta gurbi guda, ganyen magani gurbi guda, kowane makulli gurbi guda. Kafin ka fita daga ɗakin tsira, inda ake adana wasa a ajiye kaya, sai ka yi lissafi kamar mai cefane da kuɗi ƙalilan: in na ɗauki babbar bindiga da harsashinta, ina zan sa abin da zan tsinto? In adana yanzu, ko in ƙara ɗaki biyu tukuna? Dokar a bayyane take tun farko, kai ne ke yanke shawara, kai ne ke biyan kuɗinta. Ko tarkon ɗakin babbar bindiga haka yake: ka cire ta daga bango, maƙalanta suka ɗaga, rufin ɗakin gaba ya fara saukowa. Ka mayar da ita, ka je ka nemo karyayyar bindiga ka rataya a madadinta. Dalili da sakamako a jere suke.

Salon tuƙin da ake yi wa laƙabi da tuƙin tankar yaƙi, inda "sama" ke nufin jarumi ya yi gaba duk inda ya fuskanta, shi ma yana da dalili. Tunda kyamara na sauya kusurwa ba zato, da a ce "sama" na nufin saman allo, da mutum ya riƙa juyawa baya duk lokacin da hoto ya canza. Ba daɗi ne da shi ba, amma awa guda ta isa hannu ya saba.

Aibin gaskiya ya fi yawa a ɓangaren wasannin bincike da warware ƙulli, waɗanda ake nuna abu da maus a danna. Ɓeran nan ba shi kaɗai ba ne a King's Quest V. Akwai kek da ake saye a gidan burodi. A kan dutse yunwa za ta kama jarumin, wasan kuma zai bar shi ya cinye kek ɗin ba gargaɗi, alhali shi ne abin da za a watsa wa dodon ƙanƙara a fuska can gaba. A wancan zamani Sierra na sayar da littattafan amsa, tana kuma da layin waya na biya da ake bugawa a nemi mafita. Ba sai an ce da gangan aka yi ba, amma kamfanin da ke samun kuɗi idan ka maƙale ba shi da gaggawar hana ka maƙalewa.

Ron Gilbert na Lucasfilm ya rubuta maƙala a 1989 yana sukar irin wannan, sannan ya gina The Secret of Monkey Island a 1990 a kan dokar cewa ba za a bar mai wasa ya shiga ramin da ba fita ba. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai su ma ba su tsira daga wani ciwon ba, wato ƙullin da ma'anarsa tana kan wanda ya ƙulla shi kaɗai. A Monkey Island 2 na 1991 ana buƙatar rufe wani famfo. Mafitar ita ce a sandarar da wani biri ta hanyar soka ayaba a kan na'urar ƙidayar kiɗa, a sa shi a aljihu, a je a murɗa famfon da shi. Dalili? A Turancin Amurka akwai wata sifana da ake kira sifanar biri. Wasa da kalma ne, kuma duk wanda ba da wannan Turancin ya tashi ba, ko Bajamushe ne ko Bahaushe, babu tunanin da zai kai shi can sai dai ya gwada kowane abu a kan kowane abu.

Gabriel Knight 3 na 1999 ya kai abin maƙura. Don ka karɓi hayar babur sai ka yi shigar wani mutum. Sai ka manna salatif a bakin wani rami, ka koro kyanwa ta bi ta ciki, ka kwashe gashin da ya maƙale, ka liƙa shi a leɓe da ruwan zaƙi mai danƙo ya zama gashin baki. Mutumin da kake kwaikwaya kuwa ba shi da gashin baki, don haka sai ka zana masa shi a hoton fasfonsa da alƙalami. Ga kuma farautar ɗigo: allon yawancin wasannin farkon shekarun 1990 ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye, makullin da ake nema yana iya zama ɗigo uku ko huɗu masu launin daɓen da suke kai. Babu basira a nan, share allo ne da maus kamar mai neman allura a rairayi.

Mai son gwada waɗannan wasanni yau zai fara cin karo da cewa Windows mai bit 64 ba ta buɗe shirye-shiryen DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, kwata-kwata, kuma tun daga Windows 10 faifan da aka kulle da tsarin SafeDisc ba ya tashi. Hanyoyin uku ne. Wasannin Lucasfilm da mafi yawan na Sierra, har da Myst da The 7th Guest na 1993, shirin ScummVM, wanda ke tayar da irinsu a na'urorin zamani, shi ne ya fi dacewa da su. Kyauta ne, yana aiki a wayar Android ma, ana nuna masa babban fayil ɗin da wasan yake ne kawai. Ya kuma gyara kurakuran da saurin kwamfutar zamani ke jawowa, irin kuskure mai lamba 52 da ke rufe Quest for Glory IV a fadama. Mai neman na halak ba tare da biya ba, Beneath a Steel Sky na 1994 masu shi sun sake shi kyauta tun 2003.

Sauran wasannin DOS, irin Alone in the Dark, sai DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS. Abu uku ke yawan lalacewa. Na ɗaya gudu: wasu wasannin da bugun injin suke ƙidaya lokaci, in ya yi yawa dodo zai cim maka kafin ka ɗaga hannu. Ctrl da F11 na rage gudun, Ctrl da F12 na ƙara shi. Na biyu sauti: a shirin saitin wasan a zaɓi Sound Blaster, adireshi 220, IRQ 7, DMA 1, domin su ne DOSBox ke zuwa da su. In lambobin suka saɓa, sau da yawa kiɗa zai fito amma murya da ƙarar ƙofa su ɓace, wasan tsoro babu ƙarar ƙofa kuwa miya ce ba gishiri. Na uku siffa: ɗigon allon da ba murabba'i ba ne, tsayinsa ya fi faɗinsa da kashi 20 cikin 100. In ba a sa aspect=true a fayil ɗin saiti ba, kowa zai fito gajere mai faɗi, da'ira ta koma ƙwai. Shagon intanet na GOG na sayar da da yawa daga cikinsu an riga an saita, a 2024 kuma ya dawo da Resident Evil na 1 zuwa na 3 na kwamfuta.

Na PlayStation kuwa, manhaja irin DuckStation na ba da damar ninka kaifin hoto, kuma nan ne ake yin ɓarna. A Resident Evil mutanen ne kawai ke ƙara kaifi, bangon ɗaki yana nan yadda aka zana shi, sai jarumin ya zama kamar an yanko shi daga jarida an manna. Gara a bar hoton a girmansa na asali, a kunna tacen da ke kwaikwayon tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, domin dishi-dishinta ne ke narkar da ɗige-ɗigen su zama inuwa. A kuma lura da bugun: na Turai da ke tafiya a kan tsarin PAL, wanda shi ne na talabijin a Nijeriya, yana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa maimakon 60, don haka wasanni da yawa sun fi na Amurka da Japan nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Saura maganar adana wasa a ko'ina, wadda waɗannan manhajoji ke bayarwa da danna maɓalli guda. A wasannin Sierra a yi amfani da ita ba kunya: sabon adani a kowane sabon wuri, da suna daban, kada a taɓa rubuta wani a kan wani. In an maƙale fiye da rabin awa a duba amsar wannan ƙullin kaɗai a intanet, a rufe shafin. Gilbert da kansa ya sa littafin taimako a cikin Return to Monkey Island na 2022. A Resident Evil kuwa maɓallin nan na rushe lissafin ribin tawada gaba ɗaya, domin wanda zai iya komawa daƙiƙa goma baya ba ya tsoron ƙofa. Wanda ke wasa inda ake ɗauke wuta ba sallama yana da uzuri, tunda ba don shi aka tsara dokar ba. Sai ya riƙe adani guda ɗaya na ko-ta-kwana, ya sabunta shi lokaci-lokaci, kada ya buɗe shi sai in wuta ce ta kashe wasan. In gawa ce ta kashe shi, ya koma tafireta.