Wa ke tsaye a kan aiki idan ana gyaran tsofaffin gine-ginenmu?

Ranar Juma'a, 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. A bayanin da ya fito daga fadar Zazzau an ce tun ranar Alhamis aka ga bango ya tsage, ana shirin kiran injiniyoyi ke nan abin ya auku. Masallacin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kusan shekara 190 da suka wuce. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san irin wannan gini yakan daɗe yana ba da alama kafin ido ya ga tsaga: ƙasa na zubowa daga rufi, gindin bango na jiƙa, azara na lotsawa. Sai dai a rasa wanda aikinsa ne ya riƙa dubawa.

Da an taɓo maganar tsofaffin gine-gine a jihar nan ta Kaduna, kukan da ake fara yi shi ne babu kuɗi. Ni a ganina akwai abin da ya fi rashin kuɗi yi musu lahani, wato a samu kuɗin, a ba da kwangila, a rasa masanin da zai tsaya a kan aikin da ikon cewa a dakata.

Duba yadda ake ba da aikin gini a wurinmu. Ana rubuta kiyasi: buhun siminti kaza, rodi kaza, fenti kaza, a gama cikin wata kaza. Abin da ɗan kwangila ya zuba ake aunawa a biya shi, kuma akwai ranar ƙaddamarwa da aka riga aka sa wa babban baƙo. Wannan tsari ya dace da sabon ajin makaranta. A tsohon gini kuwa, aiki mai kyau sau da yawa shi ne wanda aka taɓa kaɗan: a cire azara uku da suka ruɓe a bar sauran, a toshe inda ruwa ke shiga, a mayar da yaɓe irin na asali. Ɗan kwangila ba ya cin riba a irin wannan, kuma ban ga laifinsa ba, kasuwa ya fito. Laifin na tsarin ne da ya tura masa mai duba aiki wanda bai taɓa ganin yadda ake ɗaurin guga ba, wato bakan azara da ke riƙe rufin soro, iyakarsa ya zo da mota, ya ƙirga buhuna, ya sa hannu a takardar biya.

Ɓarnar da ta fi yawa ita ce shafe bangon ƙasa da siminti. Da ido abin gwanin sha'awa, bango ya yi sumul, an zuba fenti. Amma bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti ba ya barin danshin ya fita, kuma ba ya miƙewa ko ya tsuke tare da ƙasar da ke bayansa. Damina biyu ko uku sai ya yi 'yar tsaga kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta narkewa a ɓoye. Je ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da bayan yatsa, za ka ji yana amsawa fanko, alamar shafen ya rabu da jikinsa. Wani wurin in ka ɓantare ɓawon sai ka tarar da laka da hanyar gara. Mai gida na kallon fenti yana murna, alhali garin gyaran gira an rasa ido. Haka zuba kankare a kan rufin soro: nauyin da ba a lissafa da shi ba aka ɗora wa azara, ita kuwa itacen giginya ce, tana da iyakar abin da za ta ɗauka.

Maginan da suka tayar da waɗannan gine-gine ba da ka suka yi ba. Sun san ramin da za a ɗebo ƙasa, sun san a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a murza tubali. Ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a gauraya a yaɓe bango don ruwa ya riƙa zamewa. Laso kuma da katsi na marina ake haɗa shi a shafe rufi. Indararo ba ado ba ne, shi ke jefa ruwan sama nesa da gindin gini, kuma in ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, cikin watan Agusta guda rufi zai jiƙe. Duk wannan aiki ne mai bin lokaci, na rani, wanda wa'adin kwangila bai san da shi ba. Idan dattijon magini ya ce wa injiniya, "Yallaɓai, a bari ya bushe tukuna," maganarsa ba ta da nauyi a takarda, don a matsayin lebura aka ɗauke shi, kuɗin yini ake biyansa. Masarautunmu suna da Sarkin Magina, amma sau nawa ake ganin sa hannunsa kusa da na injiniya kafin a biya ɗan kwangila?

Cikin garin Kaduna matsalar ta ɗan bambanta. Gari ne da ya zama hedikwatar Arewa a 1917, bayan Turawa sun taso daga Zungeru, don haka tsofaffin gine-ginensa na bulo da dutse da kwano ne. Akwai Lugard Hall, inda majalisun Jihar Arewa suka zauna, yau kuma Majalisar Dokokin jiha ke ciki. Akwai Gidan Arewa, gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970. Akwai gidan tarihi na titin Ali Akilu, da gadar ƙafa ta Lugard da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a lambun shaƙatawa na Gamji, ga gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa birjik. Irin waɗannan ba rushewa ce babbar barazanarsu ba, "zamanantarwa" ce: a cire tagogin katako a sa na alminiyam, a toshe baranda a mai da ita ofis, a rufe dogon silin da ke sa ɗaki sanyi sannan a nemi kuɗin na'urar sanyaya ɗaki. Kowane gyara shi kaɗai ƙarami ne, amma bayan shekara ashirin sai a ga suna kawai ya rage.

Doka akwai ta. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana a sauya ko a ɓata abin da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa ba tare da izininta ba. Sai dai kariyar ta tsaya ne ga abin da aka ayyana, kuma tarar da ke cikinta ta zamanin da naira ke da ƙarfi ce. Sauran gine-gine suna hannun duk wanda ya mallake su. Otal ɗin Durbar na Kaduna da aka gina don bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977 an rushe shi a farkon 2020. Ko mutum na goyon bayan rusau ɗin ko a'a, ya nuna cewa tarihi kaɗai ba ya tare katafila.

Na san abin da wasu injiniyoyi za su ce: rai ya fi gini, kuma ba za a bar ɗaruruwan mutane suna taruwa ƙarƙashin rufin ƙasa don sha'awar tarihi ba. Gaskiya ne, kuma akwai ginin da dole a rufe shi, a tokare, ko a sa masa ƙarfe. Lissafin nauyi aikin injiniya ne, magini ba zai maye gurbinsa ba. Amma batun tsaron rai shi ne babbar hujjata. Bangon da aka rufe da siminti ya fi hatsari, don ya daina nuna ciwonsa. Wanda ake yaɓewa duk shekara kuwa, hannun magini na bin sa taku-taku, ba abin da zai ɓuya.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha ba. KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ce ke ba da izinin gini; za ta iya haɗa kai da hukumar tarihi da masarautu a fitar da sunayen gine-ginen da ba za a taɓa su ba sai da mai duba aiki na musamman. Shi kuma kada albashinsa ya fito daga aljihun ɗan kwangila, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa in ya ce a tsaya an tsaya, ko da ranar ƙaddamarwa ta gabato. In ginin ƙasa ne, maginin gargajiya ya zama abokin sa hannunsa. Sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Fasaha ta Kaduna suna da ɗalibai da za su auna, su zana, su ɗauki hoto kafin a ɗaga diga. Amfanin awon ba ɓoyayye ba ne: aunawar da Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Poland, ya yi wa gine-ginenmu ita ta sa aka iya gina kwafin Masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Sai kuma zagayen shekara-shekara, wanda ya fi komai arha kuma ba wanda ke sa shi a kasafi saboda ba a kiran 'yan jarida a kansa. Cikin Maris, kafin ruwan farko, mutum biyu da tsani su hau rufi, su share indararo, su duba bakin azara, su rubuta abin da suka gani a littafin da ke ajiye a wurin. A sake hawa a Nuwamba a ga abin da damina ta bari. Kwamitin masallaci ko shugaban ma'aikata zai iya fara wannan bana, ba sai ya jira doka daga majalisa ba.