Abin da ke jan mu zuwa gem ɗin gudu da tsalle mai ƙarshe daban-daban

Duk lokacin da aka fitar da sabon gem mai zanen ɗigo-ɗigo irin na da, wanda jarumi ke gudu daga hagu zuwa dama yana tsallake ramuka, sai ka ji ana cewa ai kewar yarinta ce kawai ke sa mutane saye. Ni dai ban yarda ba. Da kewa ce kaɗai, da matasan da aka haifa bayan shekarar 2000, waɗanda ba su taɓa hura kaset ɗin Nintendo da baki ba, ba za su raba dare a kan waɗannan wasanni ba. Akwai wani abu a cikin ƙirarsu da ke kama mutum, musamman waɗanda labarinsu ke rabuwa ya ƙare ta hanya fiye da ɗaya.

Abin ya faro ne daga ƙarancin wuri. Super Mario Bros. da ya fito a 1985 gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, hoto ɗaya da za ka ɗauka da waya yau ya ninka shi sau da yawa. Babu wurin dogon jawabi, babu muryar 'yan wasa, maɓallin aiki biyu ne kacal, A da B. Don haka idan masu ƙira suna son labari ya rabu, hanya ɗaya ta rage musu: su sa na'ura ta lura da abin da hannunka ke yi.

A Metroid na 1986 lokaci ake ƙirga maka. Wanda ya gama cikin ƙasa da awa 5 zai ga Samus Aran, tauraruwar wasan, ta cire hular ƙarfe, a nan ya gane ashe mace ce yake bugawa da ita tun farko; wanda ya yi nawa kuwa, haka zai kashe na'ura bai sani ba. A wannan shekarar Bubble Bobble na kamfanin Taito ya hana mai bugawa shi kaɗai ganin kyakkyawan ƙarshe, sai ya zo da aboki. Castlevania II na 1987 yana da ƙarshe uku gwargwadon kwanakin da ka ɓata a cikin wasan. A Sonic na 1991, idan ba ka tara wasu duwatsu masu daraja guda shida da ke cikin wasan ba, bos ɗin, wato babban abokin gaba, zai fito yana wasa da waɗanda ka bari, a rubuta maka ka sake gwadawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tsayar da kai ya ce "zaɓi".

Nan ne maganata take. Manyan gem na yanzu, masu zane kamar fim, idan za su ba ka zaɓi sukan dakatar da komai, su jera maka amsoshi a fuskar allo: ka yafe masa, ko ka kashe shi. Da zarar ka ga jerin nan ka san ana gwada ka, sai ka amsa kamar ɗalibi a ɗakin jarrabawa, kana neman amsar da malami ke so. A gem ɗin tsalle kuwa, maɓallin da kake sara da shi tun safe shi ne dai za ka yanke hukunci da shi. Ba ka samun damar gyara zama. Halin da ka saba da shi a cikin wasan shi ke fitowa.

Ku duba Bloodstained: Curse of the Moon, wanda Inti Creates suka fitar a 2018 da kamannin wasannin ƙarshen shekarun 1980. Kana riƙe da Zangetsu, mai takobi da aka yi wa tsinuwa. Ka sha wuya a matakin farko, ka kayar da bos, jininka saura kaɗan, yatsanka bai bar kan maɓallin sara ba. Sai ga wata mace tsaye a gabanka, Miriam. Ba ta kawo maka hari ba, tana tsaye kawai. Idan ka matsa ka yi mata magana, ta bi ka, ka samu bulalarta mai tsawo da tsallenta mai nisa. Idan ka ci gaba da sara, ta mutu, Zangetsu ya samu sabon salon sara. Idan kuma ka wuce ta ka fita ta ɗaya gefen, to ka zaɓi tafiya kai kaɗai, ba taimako ba ƙarin ƙarfi. Haka za a maimaita maka da Alfred mai tsafi, da Gebel mai rikiɗa jemage. Ba a rubuta maka komai a allo cewa ana iya kashe su ba. Wanda ya gano, da kansa ya ɗaga takobi a kan wanda bai tsokane shi ba, kuma ƙarshen da zai gani ba irin na wanda ya tafi da su ba ne. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓin bai tsaya a hoton ƙarshe ba. Yana canza wasan tun daga mataki na biyu: akwai hanyar da sai mai jemage zai bi, akwai ramin da sai Miriam za ta haye. Kana ɗauke da hukuncinka a kowane tsalle.

Castlevania: Symphony of the Night na 1997 ya yi wani abu da har yau ban ga wanda ya fi shi ba. Ka zagaye gidan sarautar Dracula kaf, ka hau can ƙololuwa, ka tarar da Richter Belmont, jarumin wasan da ya gabata, yana kiran kansa mai gidan. Ka kashe shi, gini ya rushe, sunayen masu ƙira suka fara wucewa. A zatonka ka gama. Alhali rabi ka buga. Idan ka sa wani tabarau da Maria, wata budurwa da ke neman Richter, ke bayarwa, za ka ga wani koren ƙwallo yana shawagi a saman kan Richter, shi ke juya shi. Ka bar mutumin ka fasa ƙwallon, sai wani gidan na biyu ya sauko daga sama, irin na farko sak amma a kife, rufi ya koma ƙasa. Shi ya sa cikar taswirar wasan take kaiwa kashi 200.6 cikin ɗari. Wato ladan wanda ya tsaya ya tambayi kansa "me ya sa mutumin kirki zai yi haka?" shi ne rabin wasan gaba ɗaya.

Ba duka ne masu nauyi haka ba. A Wario Land II na 1998, wasan yana farawa da Wario yana barci, agogo na ƙara. Idan ka ƙi taɓa komai ka bar shi ya ci gaba da barcinsa, 'yan fashi su ɗauke shi su jefar a waje, labari ya kama wata hanya daban. Rashin danna maɓalli ma an lissafa shi.

Akwai kuma dalilai biyu na zahiri da suka sa wannan salo ya dace da rabuwar labari. Na farko gajarta. Wasan da za ka gama cikin awa 2 ko 3 za ka iya sake shi gobe don ganin ɗaya hanyar, kuma a zagaye na biyu hannunka ya riga ya faɗa, ramin da ya cinye maka rai goma yanzu tsalle ɗaya ne. Wasan awa 80 kuwa, mutum nawa ne za su koma farko? Na biyu sauƙin ƙira. Sabon ƙarshe a babban gem yana nufin ɗaukar murya da motsin 'yan wasa da watanni na aiki. A zanen ɗigo, 'yan hotuna ne da layukan rubutu da waƙa guda. Shi ya sa mutum ɗaya ko uku ke iya yin abin da kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ke jin tsoronsa.

Wannan ya kawo ni kan Cave Story, wanda nake ƙauna kuma nake da ƙorafi a kansa. Wani ɗan Japan, Daisuke Amaya, shi kaɗai ya yi shi cikin shekara 5 a lokacin hutunsa, zane da waƙa da labari duka, ya sake shi kyauta a intanet a 2004. Da yawa daga cikin masu yin irin waɗannan wasanni yau a bayansa suke tafiya. A tsakiyar wasan za ka ga wani tsoho, Farfesa Booster, ya faɗo cikin rami ya ji rauni. Duk mai tausayi sauka zai yi. Ka sauka, ya miƙa maka na'urar tashi sama, ya cika. To daga wannan lokacin ƙarshe mafi kyau ya kuɓuce maka. Abin da ake so shi ne ka tsallake ramin ka bar shi kwance, sai ya rayu, daga baya ya kawo maka na'urar da ta fi. Ta wannan hanyar ce kaɗai za ka samu igiyar da za ka ɗaure abokiyar tafiyarka Curly ka fita da ita, bayan ta cire abin numfashinta ta ba ka a ɗakin da ruwa ya cika.

Wannan ɗaki yana taɓa zuciya ƙwarai. Ka farfaɗo, ruwa ko'ina, tana kwance ba ta motsi, ƙofa a buɗe, babu abin da za ka iya sai fita. Amma ina ganin ba a yi wa mai bugawa adalci ba. An hukunta shi don ya taimaki mai rauni, kuma alamar da aka bar masa ba ta isa ya gane ba. Kusan kowa sai ya karanta a intanet yake sanin sirrin. Idan sai an faɗa maka, to ba kai ka zaɓa ba, bin umarni kawai ka yi. Ku kwatanta da Symphony of the Night: zobba biyun da ke kai ka ga tabarau suna ɗauke da rubutu, rabi a jikin na zinariya rabi a jikin na azurfa, idan ka haɗa su suna cewa a sa su a ɗakin agogo. Mai lura zai gano da kansa.

Haka kuma ba na jin daɗin yadda ake kiran ƙarshe ɗaya "na gaskiya", kamar sauran na bogi ne. Wanda ya rasa Curly a zagayensa na farko ya ji abin a ransa, labarinsa cikakke ne. Wanda kuma ya buɗe YouTube ya kalli duka ƙarshen cikin minti 10 ya ga hotunan, amma bai ji komai ba, domin babu hannunsa a ciki. Shi ya sa idan aboki zai fara Curse of the Moon ko Infernax na 2022, wani wasan irin wannan, abin da nake roƙonsa ɗaya ne, ya buga zagayen farko bai bincika komai ba, ya karɓi duk ƙarshen da ya same shi, sai mu zauna mu ji wa ya kashe, wa ya bari.