Sel ba asibiti ba ce, ku daina kai marasa lafiya ajiya

'Yan uwana matasa, akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a unguwanninmu, kuma mu ne kan gaba a cikinta. Yaro ya yi kwanaki bai runtsa ba, yana ta surutu shi kaɗai, wata safiya ya ɗauki dutse ya fasa gilashin motar maƙwabci, ko ya zare wa ƙaninsa wuƙa. Kafin ka ce kwabo majalisa ta watse, wasu sun ɗauko gora, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka don TikTok. Daga nan sai 'yan sintiri, sai caji ofis. Wani lokacin ma uban ne da bakinsa zai ce, "Ranka ya daɗe, a ajiye mana shi ya yi hankali."

Ku san inda wannan ajiya take kaiwa. Da zarar an rubuta takardar ƙara an kai shi gaban majistare, magana ta fita daga hannun gida. A tura shi gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, a ɗage zama, a sake ɗagewa. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Mai lafiya ma yaya ya ƙare a wannan cunkoso, balle wanda yake jin muryoyi a kunnensa, maganin da yake sha kullum kuma ya yanke tun daren da aka kama shi?

Abin takaicin, doka ba ta ce a yi haka ba. Sashe na 51 na dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ya ce babu laifi a kan wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa, ko sanin cewa ba daidai ba ne. Addini ma ya riga doka: an ɗauke alƙalami a kan mutum uku, mai barci, yaro, da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya warke. Sai dai kotu tana ɗaukar kowa mai hankali ne har a kawo hujja. To hujjar tana ina? Tana ƙarƙashin katifar Inna: katin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na Barnawa, ko na Kware, da takardar magani. Mu kuwa muna ɓoye ta don kada a ce akwai hauka a dangi, 'yan matan gida su rasa mijin aure. Kunyar nan ta sa mutane da yawa ruɓewa a kurkuku.

Na san za ku ce, ai ƙwaya ce, shi ya jawo wa kansa. Wasu kam haka ne, kuma wanda ya bugu da ganin damarsa doka ba ta wanke shi. Amma ni da kai ba mu ne masu tantancewa ba, aikin likita ne. Kada kuma a gudu daga sel a faɗa gidan mari. Ba mu manta da gidan marin Rigasa a Kaduna ba a 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Tun farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba irin waɗannan bayin Allah haƙƙin magani da mutunci. Amma takarda ba ta zuwa kotu da ƙafarta. Idan an kama naku, ku ɗauki katin ku bi shi tun ranar farko. Ku gaya wa ɗan sanda mai bincike, ku kai masa maganinsa, a roƙi alƙali ya sa likita ya duba shi kafin a ci gaba da shari'a. In babu kuɗin lauya, ofishin Legal Aid yana tsaya wa marasa hali kyauta. Ranar zama kuma wani daga gida ya je, ko da ɗagewa kawai za a yi.