A'a ta ce, ba ta zagi kowa ba

Tun jiya nake kallon yadda kuka sa yarinyar nan da ta ƙi auren da uwarta ta shirya mata a gaba, wallahi raina ya ɓaci. Har da masu cewa ta fi ƙarfin uwarta, ba za ta ga da kyau ba. Me ta yi? Ta gama karatun jinya, ta yi bautar ƙasa, ta samu aiki a Abuja, ta durƙusa ta ce, "Umma, ki yi haƙuri, ba na son ɗan Kawu, a bar ni in kama aikina." Iyakar laifin ke nan. A'a ta ce, ba ta zagi kowa ba.

Kada kowa ya zo mini da zancen haƙƙin uwa, na san shi, ni ma na haifa. Addinin da ya ɗora mana biyayya shi ne ya ce a nemi izinin budurwa, kuma shirunta ne yardarta. To wannan ba ta yi shiru ba. Khansa'u 'yar Khizam mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), ya warware auren. Yana nan a Bukhari. Wa ya kira ta marar kunya?

Masu cewa mace ba ta fita neman na kanta kuma, ku tuna Nana Asma'u da jajis ɗinta, mata da ke bin ƙauyuka suna karantarwa tun kafin rasuwarta a 1864. Ranar da matarka ke naƙuda, kai ne farkon mai cewa a nemo ma'aikaciya mace. Daga wane gida za ta fito?

Uwar nan tausayi take ba ni, Allah ya sani. Shekaru tana zubin adashi tana tara kayan ɗaki, kowane gidan biki sai an tare ta da "ina labarin 'yar taki?" Bakin duniya take tsoro. Irin wannan tsoron ne ya sa tawa uwar ta aurar da ni ina da shekara 17. Na yi shiru, aka yi ta sa mini albarka, bayan shekara 6 na dawo gida da yara biyu, ko sana'ar hannu ban iya ba. Masu guɗar ranar ko ƙwaryar hatsi ba su aiko ba. A 2023 ma'aurata 1,800 gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin aurensu, cikinsu har da zawarawa irina. Yarinyar nan ta ga irinmu, ta ce a'a, cikin ladabi ta faɗa.

Ni yanzu masaukin yarinyar ne ma ya dame ni. Kuɗin haya a Abuja ya wuce hankali, ga shi sai na shekara ake biya gaba ɗaya. Duk wadda ta san gidan mutunci a Kubwa ko Nyanya da ke da ɗaki, don Allah ta yi mini magana kafin ƙarshen wata.