Yaron Shago, Me Ka Koya Bana?

'Yan'uwana matasa, musamman ku da ke tsaye a shagunan iyayen gidanku tun safe har magariba kuna cewa rayuwa ta tsaya muku cak, ku saurari labarin wani attajiri Bajamushe, Heinrich Schliemann.

An haife shi a 1822. Yana ɗan shekara 14 rashin kuɗi ya raba shi da makaranta, ya zama yaron shagon kayan masarufi a garin Fürstenberg, shekara biyar yana shara yana awo. A 1841 ya shiga jirgin ruwa zai tafi Venezuela, jirgin ya nutse a gaɓar Holland. Ya isa Amsterdam ba ko sisi, ya samu aikin ɗan aike.

To, nan ne nake so ku dube shi da kyau. A cewarsa, rabin ɗan albashinsa a kan karatu yake ƙarewa. Da daddare sai ya riƙa karatu da ƙarfi yana haddacewa, ya rubuta jimloli ya kai wa malami ya gyara masa. Ya kama Ingilishi, ya kama Faransanci. Da ya zo kan Rashanci bai samu malami ba, sai ya riƙa biyan wani talaka da ba ya jin ko kalma ɗaya, don kawai ya zauna ya saurare shi. Maƙwabta suka gaji da hayaniyarsa, sau biyu yana sauya gida. A 1846 kamfanin Schröder ya tura shi wakilci St. Petersburg saboda Rashancin nan, kuma can ya yi arziki da cinikin shuni.

Kai fa? Wayarka na hannunka dare da rana. Mai saye ya zo da Faransanci ko Larabci, ubangidanka na neman tafinta, kai kana gefe kana kallon bidiyo. Wallahi abin yana ci mini rai, domin kai ma da ƙwaƙwalwar Allah Ya halicce ka.

Amma kada ku ɗauke shi dungurungum. Da ya bar kasuwa ya koma tono tsohon birnin Troy a Hisarlik da ke ƙasar Turkiyya ta yau, gaggawa ta sa ya rushe gine-ginen tarihi masu yawa. A 1873 ya samu zinariya, ya fitar da ita a ɓoye bai ba Daular Usmaniyya ta Turkawa rabonta ba kamar yadda aka yi yarjejeniya. Sai da suka maka shi kotu a birnin Athens kafin ya biya diyya.