Marafan Kwalba da Tsofaffin Jarkoki Sun Cancanci Gurbi a Fagen Sassaƙa

Idan aka ambaci sassaƙa, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne icce ko dutse ko yumɓu ko tagulla, domin da su aka san masu wannan sana'a tun zamanin Nok da Ife da Benin. Shi ya sa mutane da dama ke yamutsa fuska idan suka ji cewa ɗaya daga cikin masu fasahar Afirka mafi daraja a yau da marafan kwalba yake aiki. Ina ganin yamutsa fuskar ba ta da dalili, kuma aikin El Anatsui kaɗai ya isa hujja.

An haifi Anatsui a garin Anyako na ƙasar Ghana a 1944, ya yi karatun fasaha a Kumasi, sannan ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975. Ya daɗe yana aiki da yumɓu da katako kafin ya karkata ga abubuwan da aka yar, kamar marafan gwangwanin madara da tsofaffin magogin rogo, daga bisani ya tsaya a kan marafan kwalaben barasa na alminiyam. Matasa da dama ne ke zama a wurin aikinsa suna yanka marafan, su buge su su baje, su huda gefunansu, su ɗaure su da siririyar wayar jan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, har dubban ƙananan ɓallaye su haɗu su zama ƙaton mayafi mai lanƙwasuwa da ƙyalli. Daga nesa sai a ɗauka zanen sarauta ne da aka saƙa da zinariya, sai an matso kusa a ga sunayen kamfanonin giya da tsagar almakashi. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na birnin Venice, a 2023 kuma aka rataye ayyukansa a babban zauren gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan.

Lambobin yabo ba su ne hujjata ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne marfin yana ɗauke da labarin da dutse ba zai iya ɗauka ba, domin barasa tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma suna musanyawa da bayi, su kuma bayin aka kai su gonakin rake inda ake samo abin haɗa wata barasar. Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin ma haka ya yi da jarkokin da ake fasa-ƙwaurin fetur da su daga Najeriya. Ya yanke saman jarka, mariƙin ya zama hanci, bakin ya zama baki, sannan ya jera 304 a ƙasa bisa tsarin da ake kwantar da bayi a cikin jirgin ruwa. Duk wanda ya san yadda matasa ke ɗora jarkoki a kan babur suna sayar da rai saboda abin sakawa a bakin salati zai gane cewa da ya sassaƙa fuskokin da marmara da rabin maganar ta zube.

Masu suka na da gaskiya a wuri guda. Tun da kasuwa ta buɗe, an samu masu tara shara su liƙa da gam su ce don kare muhalli suka yi, alhali babu tunani a ciki, babu gwaninta. Irin wannan bai kamata a yaba masa ba, kuma laifin na mai aikin ne, kamar yadda ake samun mummunar sassaƙa ta icce. Akwai kuma batun ƙarko, domin buhu da roba da gwangwani ba za su kai shekarun tagullar Ife ba, wannan kuwa nauyi ne a kan gidajen tarihi. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin waɗannan ayyuka suna Turai da Amurka, mutanen da suka yar da marafan ba su taɓa ganin abin da suka zama ba. A nan Ibrahim Mahama, wanda ya yi suna da lulluɓe gine-gine da tsofaffin buhunan koko da gawayi, ya cancanci yabo, domin ya buɗe cibiyar fasaha a garinsu Tamale na ƙasar Ghana a 2019.

Mu ma muna da rabo a wannan fage. Ayyuka irin na Anatsui ba su kwaikwayi surar mai rai ba, saboda haka mai ƙyamar gunki saboda addini zai iya zaɓar abin da ya halatta masa, kamar gwangwani ko ledar ruwa ko tsohuwar taya, ya yi aiki hankali kwance. Gwanintar hannu kuwa tana nan a kasuwar Panteka ta Kaduna, inda ake narka tarkacen alminiyam a zuba tukunya, a yanka gwangwani a yi fitila da mazurari. Sashen koyar da zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi nisa da wannan kasuwa ba, kuma ya dace ɗalibansa su riƙa zama a rumfunan waɗannan maƙera suna koyon yanka da ɗauri da walda a matsayin wani ɓangare na karatunsu.